Harafin K a Ƙasan Shafi

A shekarar 1990 kamfanin Microsoft ya fito da Windows 3.0, ya haɗo ta da wata manhaja mai suna WinHelp. In aiki ya cushe wa mutum, sai ya danna F1, bayani ya fito a allo. Daga nan sana'ar masu tsara fihirisa ta sauya kama, domin su da suka saba jera kalmomi da lambar shafi a ƙarshen littafi sun iske allo ba shi da lambar shafi.

Aikin na masu haƙuri ne. A wancan lokaci marubuci yakan rubuta bayaninsa a Word, kowane batu a shafinsa, sannan ya dasa alamomi a ƙasan shafin. Alamar # ita ce ɓoyayyen sunan batun, $ takensa, harafin K kuma shi ke ɗauke da kalmomin da za su shiga fihirisa. In yana son mahaɗi, sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalma, ya maƙala mata sunan batun da za ta kai mutum cikin ɓoyayyen rubutu. Mai karatu kore shar zai gan ta. Harafi ɗaya ya kuskure, mahaɗin ya mutu.

Amma a wajen K ake gane gwani. Injiniya yakan ba abu sunan da ya sani, shi kuwa wanda firinta ta ƙi masa aiki ga shugaba na jiran takarda, da kalmar bakinsa yake zuwa. Dole mai fihirisa ya hango wannan kalma, ko da ba ta cikin bayanin, ya shigar da ita.

Windows 95 ta ƙara hanyar binciko kowace kalma da ke cikin rubutu. Wannan ya yi kama da Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda ya fito a Alƙahira a 1945, mai nuna duk inda kalma ta zo a Alƙur'ani. Amfanin irin wannan bincike babba ne, sai dai yana biyan buƙatar wanda ya riga ya san kalmar ne kawai.

Shi ya sa da HTML Help, magajiyar WinHelp, ta zo a 1997, ba a jefar da fihirisa ba, fayil nata daban aka ware mata. WinHelp kuwa ta ci gaba da aiki har zuwan Windows Vista, wadda ta fito ba tare da manhajar buɗe fayilolinta na zamanin Windows 95 ba.