Fredi Washington: Tauraruwar da ta ƙi sayar da asalinta

Yau za mu waiwayi tarihin Fredi Washington, 'yar wasan fim ta Amurka wadda aka yi wa tayin ɗaukaka bisa sharaɗin ta musanta asalinta, ta kuwa ƙi.

An haife ta a 1903 a garin Savannah na jihar Jojiya. Jinin Afirka ce, amma fara ce sol, wanda bai san ta ba sai ya rantse Baturiya ce. A kudancin Amurka na wancan zamani kuwa, ɗigon jinin Afirka ya isa a lissafa mutum cikin baƙaƙe, a ware masa makaranta da kujerar mota.

Da rawa ta fara a dandalin wasanni na birnin New York, daga nan ta shiga fim. A 1933 ta fito tare da Paul Robeson cikin "The Emperor Jones", inda sai da aka shafa mata kwalliya mai duhu, gudun kada 'yan kallo su zaci baƙin mutum ne ke soyayya da Baturiya, abin da ƙa'idar tace finafinai ta hana.

Sunanta ya fito sosai a 1934 cikin "Imitation of Life". Ta fito a matsayin Peola, 'yar da ta juya wa mahaifiyarta baya domin ta rayu cikin Turawa, ba ta komo ba sai ranar jana'izar uwar. Ta iya wasan har wasu suka ɗauka halinta ke nan.

Daga nan ta shiga halin gaba kura baya sayaki. Matsayin baranya da aka saba bai wa baƙaƙen mata, an ce ta yi masa fari. Matsayin babbar tauraruwa kuma, an ce asalinta ya hana. Masu shawara suka ce ta ɓoye danginta, ƙofa ta buɗe. Amsarta ita ce, yin haka amincewa ne cewa zama baƙar fata kasawa ce.

Ta ɗanɗana kuɗar wannan tsayuwa. Fim ɗinta na ƙarshe, "One Mile from Heaven", ya fito a 1937, tana tsakiyar ƙarfinta. A shekarar ce ta shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan wasa ta Amurka, daga baya ta riƙa rubutu a jaridar "The People's Voice" ta unguwar Harlem, tana kare haƙƙin 'yan'uwanta. Da aka sake shirya "Imitation of Life" a 1959, farar fata aka bai wa irin matsayinta.

Ta rasu a 1994 tana da shekara 90. Finafinanta ba su da yawa, amma mu a ganinmu ba ta yi asara ba. Dukiya da suna ana samu a rasa, a sake nema. Wanda ya sayar da asalinsa kuwa, babu kasuwar da zai je ya fanso shi.