Kulawa da yaro mai ɗauke da ƙwayar cutar sida

Yaron da aka haifa da ƙwayar cutar sida yana iya girma, ya yi karatu, har ya yi aure. Amma in babu magani, rabin irin waɗannan yara ba su kai shekara 2. Saboda haka, in uwa tana ɗauke da ƙwayar, ku kai jaririnta awon jini da ya cika mako 6.

Maganin ARV ba ya kashe ƙwayar, danne ta yake yi. Kullum ake shan sa, ko da yaro ya murmure yana wasa. Ku tsayar masa da lokacin da ba ku mantawa, kamar bayan sallar asuba. Da damina, aikin gona yakan sa a tsallake ranar likita. Ku karɓo magani tun bai ƙare ba. Ku koya wa mutum na biyu yadda ake ba shi, domin mai renon ma takan kwanta ciwo.

Tarin da ya daɗe, zawo, zazzaɓi ko rama: ku kai shi likita ba da jinkiri ba.

Kada ku ware masa kwano. Ba a ɗaukar sida wajen cin tuwo tare.