Tarihin Gane Ƙaramin Ciki: Daga Hannun Ungozoma Zuwa Hoton Na'ura

Gane ƙaramin ciki tsohuwar matsala ce ga masu kula da lafiyar mata. Kafin zuwan na'ura, da ungozoma da likita duk da alamu suke aiki: ɓatan wata, laulayi, cikar nono, sai kuma motsin ɗa, wanda ba a jin sa sai wajen wata na biyar. A tsohuwar Masar, mace kan yi fitsari a kan ƙwayar alkama da sha'ir. Idan suka tsiro, a ce tana da juna biyu.

A ƙarni na 19 ne duban likita ya samu ƙa'ida. A 1818, François Mayor na Janiba ya kara kunnensa a cikin wata mace, ya ji bugun zuciyar ɗan tayi. A 1886, James Chadwick na Amurka ya yi bayanin yadda launin farji ke komawa shuɗi-shuɗi a farkon ciki, Alfred Hegar na Jamus kuma ya shahara da alamar laushin ƙasan mahaifa, wadda ake ji da yatsu. A ƙarshen shekarun 1920, Aschheim da Zondek suka ƙirƙiro gwajin fitsari a Balin, inda ake yi wa ɓeraye allurar fitsarin mace. Duk da haka, babu hanyar da ke nuna inda ƙaramin ciki ya zauna, ko yana raye.

Amsar ta fito daga Glasgow, birnin ƙera jiragen ruwa. A 1955, Farfesa Ian Donald ya gwada na'urar da ake binciken tsagar ƙarfe da ita a kan ƙarin da aka ciro daga jikin mata. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta karɓi amonsa idan ya dawo. Shi da John MacVicar da injiniya Tom Brown suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. A 1973, Hugh Robinson ya nuna cewa auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai na bayyana kwanakin ciki. A shekarun 1980 aka samu na'urar da ake sakawa ta farji, wadda ke nuna bugun zuciya tun mako na shida, ta kuma taimaka wajen gano cikin da ya zauna a wajen mahaifa kafin ya fashe ya halaka uwa.

Hoton ciki da irin wannan na'ura ke ɗauka bai kori tambaya da duban likita ba. Tare ake haɗa su kafin a yanke hukunci. Tun 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako na 24.