Tarihin Rufe Iyakar Nijeriya Da Nijar Da Yadda Ya Shafi Kasuwancin Ƙasar Bici

Ga ɗan tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana taɓa aljihun mutanenmu. Garin Bici ba a bakin iyaka yake ba, amma yana kan titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya har Maraɗi. Saboda haka duk ranar da aka datse iyaka, sai an ji a jika a kasuwanninmu.

Kafin zuwan Turawa, fatake na kai da kawowa tsakanin Kano da Damagaram da Agadas. Ayarin raƙuma ya kawo gishiri da kanwa da dabino, ya koma da hatsi da tufafin da aka rina a Kano. Ita Maraɗi kuwa, sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu a can bayan jihadi. Ingila da Faransa su suka shata iyakar a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500, kuma ta ratsa tsakiyar jama'a masu harshe ɗaya da addini ɗaya.

Duk da haka ciniki bai tsaya ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa gangarowa Kano a kan hanyarta ta zuwa teku. Bayan samun mulkin kai ma haka aka ci gaba: Nijar ta turo shanu da tumaki da wake da albasa, Nijeriya ta aika da gero da masara da man fetur da kayan masana'antu. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS, a 1979 kuma ta amince 'yan ƙasashenta su riƙa shige da fice ba tare da biza ba.

Babbar jarrabawa ta zo a watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani, hatsin da aka saba kaiwa arewa ya yanke, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. A tsakanin nan ne 'yan fasa-ƙwauri suka ƙware da ɓarauniyar hanya, domin ba wata gwamnati da za ta iya jera ma'aikatan kwastan a dajin da ya kai wannan tsawo.

A watan Agustan 2019 aka sake rufewa, da nufin hana shigo da shinkafar waje da fitar da man fetur. Gaskiya ne masu noman shinkafa da masu casarta sun samu kasuwa. Amma farashin abinci ya hau, kuma shinkafar wajen ba ta daina shigowa a bayan babura ba. An buɗe Illela da Maigatari a watan Disambar 2020, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗewa.

To, wa ke ɗaukar asarar? Babban attajiri yana da jarin da zai jira, ko ya biya a wuce da kayansa ta daji. Amma manomin Bici da ya dogara da dillalan kasuwar Dawanau su sayi geronsa su loda zuwa Maraɗi, shi ne kasuwarsa ke faɗuwa. Haka mai kiwon da ke sayen ɗan rago daga Nijar ya turke don Babbar Salla, da direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha. Kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali kuma sai ya ƙare a shingayen kan hanya. Hausawa dai sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba wanda ke musun cewa dole ƙasa ta tsare iyakarta, musamman a wannan zamani na safarar makamai. Sai dai tarihin shekarun nan ya nuna cewa iyakar da ke buɗe, mai ma'aikata masu amana da haraji sananne, ta fi rufaffiya sauƙin tsarewa. A cikinmu akwai ma'aikatan kwastan da na shige da fice da 'yan majalisa. Muna roƙonsu su riƙa tunawa da talakan da ke can ƙarshen kowace doka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasashen nan biyu lafiya, amin.