Tarihin neman mayar da korar soja ta zama ritaya

Tun daga shekarar 1863, lokacin da John Glover ya tara Hausawa a Legas ya yi rundunar da sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa, har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ɗebi samari daga gundumomin Kano ta hannun hakimai da dagatai aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, babu abin da soja yake komowa da shi gida mai muhimmancin littafin sallama, wato ɗan littafin da ke ɗauke da shekarun aikinsa da muƙaminsa da shaidar hafsoshi a kan halinsa. A garuruwa irin su Kademi da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, inda noma shi ne madogara kuma aikin albashi ba shi da yawa, wannan shaida ce take buɗe wa ɗan mazan jiya ƙofar aikin gadi ko na masinja, wanda kuwa aka kora sai ya dawo ba fansho, ba garatuti, ga kuma abin faɗa a bakin dangi.

Dokar Rundunonin Soja, wadda ta fara a matsayin doka ta 105 ta 1993, ta tanadi hanyoyin hukunci guda biyu: shari'ar gaggawa, wadda kwamanda yake yi a ofishinsa ba tare da lauya ba, kuma yana iya korar ƙaramin soja a cikinta, da kotun soja, wadda hukuncinta ba ya aiki sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi, daga nan kuma ana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Dokar ta ba wanda aka zalunta damar rubuta koke ta hannun shugabanninsa, sai dai wannan dama tana da rauni, domin sau da yawa koken yakan bi ta teburin waɗanda ake kuka da su.

Saboda haka, yawancin sauyin da aka samu ta hanyar afuwar shugaban ƙasa ya zo, kuma manya ne suka fi cin moriyarta. Shehu Shagari ya yafe wa Yakubu Gowon a 1981, ya kuma yafe wa Odumegwu Ojukwu a 1982, amma sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara, aka kore su bayan 1970, sai a watan Mayu na 2000 Olusegun Obasanjo ya mayar da korarsu ta zama ritaya, abin da ya ba su haƙƙin fansho bayan shekara 30, a lokacin da da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Yaƙin Boko Haram ne ya sa batun ya shafi gidajen talakawan Arewa kai tsaye. A watan Mayu na 2014, sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan sun ga gawarwakin abokan aikinsu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Cibok, sun buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7, Manjo Janar Ahmed Mohammed, wuta, kuma a watan Satumba kotun soja ta yanke wa 12 daga cikinsu hukuncin kisa. A watan Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita fagen daga, duk da hujjar lauyansu Femi Falana cewa makamai kawai suka nema, a daidai lokacin da ake ta korar dubban ƙananan sojoji bisa zargin gudu daga bakin daga. Babu rundunar da za ta zauna lafiya idan soja zai ɗaga bindiga a kan kwamandansa ya tafi salin alin, wannan kam ba abin musu ba ne; amma da aka fara binciken dala biliyan 2.1 na sayen makamai, wanda ya kai ga kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, a Disamban 2015, sai ya yi wuya a ci gaba da kiran duk wanda ya ja da baya matsoraci, tun da ana tuhumar cewa kuɗin harsashinsa sun bi wata hanya. A 2015 ɗin, ƙarƙashin babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, an sake duba shari'ar sojoji kusan 5,000 aka mayar da 3,032 bakin aiki, sannan aka sassauta hukuncin kisan mutum 66 zuwa ɗaurin shekara 10. Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti, wanda aka kora saboda faɗuwar garin Baga a hannun Boko Haram, shi ma an sauya masa kora da rage girma zuwa kanar.

Abin lura shi ne kwamitin wucin gadi ne ya yi aikin sake duba shari'ar sojojin nan, kuma da ya gama aka rufe shi. A Amurka kuwa, tun 1944 doka ta kafa hukumomi na dindindin da tsohon soja zai kai wa buƙatarsa cikin shekara 15 da sallamarsa, kuma daga 2014 aka umarci masu gyaran bayanan soja su riƙa la'akari da taɓuwar ƙwaƙwalwa da firgicin yaƙi yake haifarwa, wadda takan sa mutumin kirki ya faɗa shaye-shaye ko ya bar bakin aiki ba izini. Farabitin da aka kora ya koma Kademi ba shi da irin wannan ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne kotu, wadda ke buƙatar kuɗin lauya da zirga-zirgar Kano ko Abuja, ko kuma jiran sauyin gwamnati.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Rundunonin Soja, ta kafa hukumar dindindin mai ɗauke da lauyoyi da likitocin ƙwaƙwalwa da tsofaffin hafsoshi, mai zama a manyan barikoki irin su Bukavu da ke Kano, wadda za ta saurari korarre, ta tabbatar da korar idan ya cancance ta, ta mayar da ita ritaya idan an zalunce shi.