Kwamfuta da sirrin jama'a a ƙananan ofisoshin lauyoyi

A watan Afrilun 2016 ne jaridun duniya suka fara wallafa abin da ke ƙunshe cikin takardu kimanin miliyan 11 da rabi, waɗanda aka kwaso daga Mossack Fonseca, wani kamfanin lauyoyi da ke ƙasar Panama.

Takardun sun tona asirin yadda wasu 'yan siyasa da attajirai ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje, lamarin da ya yi awon gaba da kujerar Firayim Ministan Iceland. Shi kuma kamfanin, a shekarar 2018 ya rufe ƙofofinsa.

Galibin ofisoshin lauyoyi a birane irin su Kano da Kaduna da Sakkwato ba su kama ko ƙafar wannan kamfani ba. Sau tari lauya ɗaya ne ko biyu, da akawu, da kwamfuta guda wadda kowa ke amfani da ita.

To amma abin da ke cikin kwamfutar bai da maraba da na Panama a wurin masu shi: rabon gado, da takardun filaye, da rikicin aure, da bashin da ɗan kasuwa ba ya son maƙwabcinsa na rumfa ya ji labari.

Abin da doka ta tanada

Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun wajabta wa lauya ɓoye duk abin da wanda yake wakilta ya gaya masa a kan aiki. An yi wa ƙa'idojin garambawul a 2023, kuma sababbin sun fara aiki ranar 1 ga watan Janairun 2024. Wanda ya saɓa musu na iya gurfana a gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon bayar da umarnin soke sunan mutum daga rajista.

A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki.

Dokar ba ta tsame lauyoyi ba. Idan aka yi kutse a inda ake ajiye bayanan mutane, kuma akwai yiwuwar hakan ya cutar da su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar da za a iya ci ƙananan masu riƙe bayanai ta kai naira miliyan biyu, ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Inda ɓaraka ta fi aukuwa

Idan aka ambaci kutse, hankalin mutane kan tafi ga wani gwani da ke zaune a wata ƙasa mai nisa. A ƙaramin ofis, ƙofar ta fi kusa da haka.

Inji ya lalace ko wuta ta ɗauke, ga shi gobe da safe za a shigar da takarda a kotu. Sai a kwafe ta a filash, a aiki akawu shagon buga takardu na bakin titi. Ya buga, ya biya, ya dawo, amma kwafin na nan zaune a kwamfutar shagon, inda duk wanda ya zo bayansa zai iya buɗewa. Filash ɗin kuma ba mamaki ya dawo ofis da ƙwayar cutar kwamfuta.

Haka nan lambar sirri ɗaya da kowa ya sani. Ɗalibin makarantar lauyoyi da ya zo sanin makamar aiki ya sani, ɗan bautar ƙasa da ya gama shekararsa ya tafi ya sani, kuma ba wanda ya tuna ya sauya ta. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: kowane ma'aikaci a buɗe masa nasa sashe a kwamfutar, a rufe shi ranar da ya bar aiki.

Sai kuma WhatsApp, wanda a yau ya zama tamkar masinjan ofis. Dabarar da 'yan damfara suka fi amfani da ita wajen ƙwace shi ita ce su bugo waya da sunan wata ƙungiya ko wani taro, su nemi a karanto musu lambobi shida da aka turo ta saƙon tes. Da zarar an faɗa, asusun ya koma hannunsu, su shiga rokon kuɗi da sunan lauya. Manhajar na da tsarin kariya na biyu, inda mai ita ke zaɓar wata lamba tasa ta daban, kuma kunna shi bai wuce aikin minti biyu ba.

Tsufan manhaja ma matsala ce. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, alhali da dama daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake saye a kasuwa da ita suke zuwa, wasu ma da wadda ta girme ta.

Wasiƙar da ke sauya lambar asusu

Damfarar da ta fi yi wa lauyoyi illa ita ce ta wasiƙar imel, saboda kuɗin jama'a kan bi ta hannunsu, musamman a cinikin gida ko fili.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ɗan damfara ya kutsa akwatin imel na lauya ko na ɗaya daga cikin masu cinikin. Ba ya taɓa komai. Karatu kawai yake yi, wani lokaci na tsawon makonni, har ya san wane ne mai saye, nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a biya. Ana gab da biya sai wasiƙa ta iso, da irin lafazin da aka saba, tana cewa an samu 'yar matsala a banki, don haka a tura kuɗin wani sabon asusu.

Wani lokaci ma ba ya buƙatar kutse. Ya isa ya buɗe adireshi mai kama da na gaskiya, da bambancin harafi ɗaya wanda ido ba ya kamawa a kan ƙaramin allon waya.

Irin wannan ce ta faɗa wa wani ofishin lauyoyi a New York a watan Oktoban 2019, inda aka yaudare shi ya tura sama da dala dubu 900. Ɗaya daga cikin waɗanda ke da hannu shi ne ɗan Najeriyar nan Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, kuma a watan Nuwamban 2022 wata kotun Amurka ta yanke masa hukuncin ɗaurin sama da shekara 11.

Babu wata manhaja da ke hana wannan kamar yadda ɗabi'a guda ke hanawa. Duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu, a bugi mutumin a waya kafin a tura ko sisi, kuma a lambar da aka sani tun da farko, ba wadda ke rubuce a ƙasan wasiƙar ba. Ya kamata kuma tun ranar farko lauya ya shaida wa wanda yake wakilta cewa ofishinsa ba ya sauya asusu ta hanyar imel ko WhatsApp.

Wuta da ƙura

Ba kullum ɓarawo ke cinye takardu ba. Hawa da saukar wutar lantarki, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, duk suna rage wa kwamfuta kwana.

Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce kwafi uku: ɗaya a kwamfutar aiki, ɗaya a wata ma'adana ta daban, ɗaya kuma a wajen ofis baki ɗaya, ko a rumbun ajiya na intanet. Ma'adanar da ke maƙale da kwamfuta dare da rana ba ta da wani amfani a ranar da masu kulle bayanai don neman fansa suka shigo, domin tare za su kulle su.

Takardar kwamfuta a gaban alƙali

Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya amince da bayanan da suka fito daga kwamfuta, amma da sharaɗi. Sai an nuna wa kotu cewa na'urar na aiki daidai a lokacin da ake magana a kai, kuma yawanci ana yin haka ne da takardar tabbaci mai sa hannu.

A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan jihar Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka bugo daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Lauyan da ke son gabatar da hirar WhatsApp ko saƙon banki dole ya san wayar da abin ya fito, da kuma wanda ke riƙe da ita.

Talla mai takunkumi

Lauya a Najeriya ba kamar mai sayar da atamfa ba ne. Ƙa'idojin aikinsa sun ba shi damar sanar da jama'a cewa yana nan, amma sun hana shi kwatanta kansa da wasu lauyoyi ko kushe su, sun hana shi alfahari da yawan shari'un da ya ci, kuma sun hana shi farautar aiki ta hanyar 'yan kamasho ko raba takardun talla.

Saboda haka hoton lauya a bakin kotu tare da wanda ya kare, da rubutun cewa an sake yin nasara, na iya zama laifi biyu a lokaci guda: ga talla, ga bayyana wanda wataƙila bai so a san yana da shari'a ba.

Abin da ya rage masa, wanda kuma ya fi amfani, shi ne ilmantarwa. Shafi mai ɗauke da suna da adireshi da fannonin aiki, da kuma bayani cikin Hausa mai sauƙi a kan abubuwan da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: yadda ake bincike a ma'aikatar filaye kafin a sayi fili, ko haƙƙin ɗan haya, ko kuma cewa belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Rubutu irin wannan da Hausa har yanzu kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu neman sa.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Mutum kan zayyana matsalarsa duka a bainar jama'a a Facebook yana neman fatawa. Amsar da ta dace ita ce a gayyace shi ofis.

Sabon akawu

A 'yan shekarun nan lauyoyi da dama sun fara neman taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, wajen tsara takardu. Suna da sauri, kuma suna iya ƙago abin da babu shi cikin lafazi mai gamsarwa.

A watan Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi biyu da ofishinsu dala dubu biyar, bayan sun gabatar masa da hukunce-hukunce shida a wata ƙara da aka shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. Da aka bincika sai aka tarar babu ko ɗaya daga cikinsu da wata kotu ta taɓa yankewa. Manhajar ce ta ƙirƙiro su, har da sunayen alƙalai da lambobin shafi.

Baya ga haka, duk sunan mutum ko bayanin shari'ar da aka rubuta wa irin waɗannan manhajoji ya bar ofis ke nan, ya tafi kwamfutocin wani kamfani da galibi ke wata ƙasa, inda dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare.