Gani Ya Kori Ji: Tarihin Leƙen Wutar Rana

Ranar nan da ke busar da shinkafar manoman Lolo, a bakin iyakarmu da Binin, ba itace take ci ba. A cikinta ƙwayoyin zarra na iskar haidurojin ne ke haɗewa, su saki zafi. Iskar da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka wargaje ita ce Irving Langmuir na Amurka ya raɗa wa suna filasma a 1928.

Tun shekarun 1950 masana ke neman kunna irin wannan wuta a ƙasa domin samar da lantarki. To amma wace tukunya za ta riƙe ta? Sai Rashawa suka ƙera na'urar tokamak mai siffar awarwaro, inda maganaɗisu ke riƙe filasma ba ta taɓa bango. A 1968 suka ba da sanarwar cewa tasu, mai suna T-3, ta kai zafin digiri miliyan 10. Masanan Yamma suka yi tababa, domin ba mai iya leƙawa ciki ya gani. Shugaban aikin, Lev Artsimovich, ya gayyaci Ingilawan cibiyar Culham. A 1969 suka kai kayan awonsu Mosko, suka harba hasken lesa cikin filasmar, suka auna wanda ya tarwatso. Magana ta tabbata. Daga nan ƙasashe suka rungumi tokamak, har zuwa ITER da ake ginawa a kudancin Faransa.

A wannan shekara ta 1968 kuma Ivan Sutherland na Amurka ya nuna wani tabarau mai ɗora zanen kwamfuta a kan abin da ido ke kallo. Jikokin wannan tabarau ne yau ke ba mai bincike damar tsayawa gaban na'ura, ya ga layukan maganaɗisu sun nannaɗe, ƙwayoyi na bin su, ya zagaya ya duba ta kowace fuska.

Sai dai mu lura, 'yan'uwa marubuta. Abin da tabarau ke nunawa ba filasmar ba ce, hoto ne da aka gina daga awo da lissafi. In awon ya karkace, kyan hoton ba zai miƙe shi ba. Mu ma da alƙalami muke nuna wa mai karatu abin da bai gani ba. Kafin mu zana, mu fara zuwa mu auna, kamar yadda mutanen Culham suka yi.